Jinkar Ogimachi da Hannuwan da Ke Ɗauke da Ita

A tsakiyar babban tsibirin ƙasar Jafan akwai wani kwari mai zurfi da kogin Sho ya ratsa, tsakanin tsaunukan lardin Gifu da na Toyama. A cikinsa ne ƙauyuka uku suke waɗanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a watan Disamba na 1995: Ogimachi a yankin Shirakawa, sai Ainokura da Suganuma a yankin Gokayama. Abin da ya jawo musu wannan martaba gidajen manoma ne na katako masu doguwar jinkar ciyawa, irin ginin da mutanen ƙasar ke kira gassho-zukuri. Lokacin da aka yi rajistar an ƙidaya gida 59 a Ogimachi, 20 a Ainokura, 9 a Suganuma. Duk wanda ya bi abin da ake rubutawa game da su zai ga yabon kusan kullum wuri biyu yake tafiya: dokar ƙasa da ta hana a taɓa su, da hatimin UNESCO da ya sa duniya ta san da zamansu. Ni a ganina an karkatar da yabon. Doka da hatimi duk a makare suka iso, abin da ya rage suka tarar, kuma abin da ya rage ɗin ya kai labari ne saboda wasu mutane sun ƙi tashi daga gidajensu, sun kuma ci gaba da bin juna bashin aiki. Gidan katako da ciyawa yana tsayawa ne muddin akwai mai hura wuta a cikinsa, akwai kuma masu hawa kansa idan jinka ta tsufa. Babbar shaida a kan haka ita ce yadda aka ƙera gidan tun farko.

Gidan kashi biyu ne, kuma masu yin su daban-daban ne. Kashin ƙasa, wato ginshiƙai da manyan katakan da ke gicciye a kansu, aikin ƙwararrun kafintoci ne da ake ɗaukowa a biya su lada. Su ke fafe wannan katako, su fiƙe wancan su zura shi ciki, har gangar jikin gidan ta tsaya a kan duwatsun da aka jera a ƙasa, ba tare da an binne ginshiƙi ba, don kada laima ta ci gindinsa. Wasu daga cikin manyan katakan a lanƙwashe suke daga gindi, domin an saro su ne daga itatuwan da suka tsiro a gangaren dutse, waɗanda dusar ƙanƙara ta danne tun suna ƙanana har suka girma da wannan doro. Kafinta ya san irin wannan icce ya fi miƙaƙƙe jure nauyi, shi ya sa yake nemansa. Daga nan aikinsa ya ƙare. Kashin sama, wato rufin gaba ɗaya, na mutanen ƙauye ne. Dogayen sanduna ake jinginawa biyu-biyu su haɗu a ƙololuwa, an fiƙe gindin kowace ya yi tsini an zaunar da shi cikin wani ɗan gurbi a kan katakon ƙasa, ba a kafe shi da komai ba. Babu ƙusa ko ɗaya a duk rufin. Igiyar karan shinkafa ce ke riƙe da shi, da ɗanyen reshen wani icce da suke kira neso, wanda ake murɗawa a yi ɗauri da shi tun yana da ruwa a jiki, yana bushewa yana ƙara matsewa. Masu ilimin gini sukan yi ta jinjina wa wannan dabara saboda rufin yana iya ɗan motsawa idan iska ta bugo ko ƙasa ta girgiza, ya koma mazauninsa ba tare da ya karye ba. Gaskiya ne. Amma akwai wani abu da ɗaurin ke nunawa wanda ya fi wannan muhimmanci ga mai maganar kare gidan: abin da aka ɗaura da igiya, an yi shi ne da niyyar wata rana a kwance a sake ɗaurawa, kuma an yi shi yadda manomi da bai taɓa koyon kafinta ba zai iya.

Siffar rufin ma larura ce ta haife ta. Kwarin yana cikin wuraren da suka fi shan dusar ƙanƙara a Jafan. A lokacin sanyi takan taru ta kai mita 2 ko fiye, kuma jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Shi ya sa jinkar ta miƙe tsaye har kusan digiri 60, don dusar ta riƙa zamewa, ruwa kuma kada ya kwanta cikin ciyawa. A Ogimachi yawancin gidajen sun ba kudu da arewa goshinsu, ta yadda gefe ɗaya na jinkar zai sha ranar safe, ɗayan ya sha ta yamma, iskar da ke bin kogi kuma ta ci karo da siririyar fuskar gidan maimakon faffadar. Ƙarƙashin irin wannan rufi sai aka sami makeken sarari, aka raba shi hawa biyu ko uku, wani gidan har huɗu, aka cika shi da farantan kiwon tsutsar siliki. Ƙasar noma ba ta da yawa a kwarin, shinkafar da ake samu ba ta isa ci da biyan haraji ba, don haka kuɗin gida daga siliki yake fitowa, da takardar gargajiya, da wani abu na uku da baƙo ba zai yi zato ba, wato gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Rami ake haƙawa a ƙarƙashin daɓen katako kusa da murhu, a zuba ƙasa da ciyayi da kashin tsutsar siliki da fitsari, a riƙa juyawa har wajen shekara biyar kafin a kwashe a tace a dafa. Gokayama tana ƙarƙashin masarautar Kaga a lokacin, kuma nisan wurin da wuyar shigarsa sun dace da sana'ar da ba a son ido ya gani. Dangin Wada, masu gida mafi girma a Ogimachi, da cinikin wannan gishiri da na siliki suka yi arziki. To a tsakiyar duk wannan akwai murhun da ke cikin daɓen falo, wanda wutarsa ba ta cika mutuwa ba. An bar tsaga a tsakanin katakan benayen da gangan don hayaƙi ya ratsa sama. Yana ɗumama tsutsa, yana busar da ciyawa, yana korar ƙwari, kunkunniyarsa kuma tana lulluɓe igiya da sanduna har su yi baƙi ƙirin su ƙara ƙarko. Da can jinka takan kai shekara 40 ko fiye. Yau da aka koma risho da lantarki, aka kuma canza irin ciyawar, tsakanin 20 da 30 take yi. Matar da ke dafa abinci a murhun nan, ko ta sani ko ba ta sani ba, tana cikin masu riƙe da rufin.

Ranar baibaya kuwa aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kaurin ciyawar a manyan gidaje yakan kusa mita ɗaya, kuma mai gida yakan yi shekaru yana yanka yana busarwa yana tarawa kafin ta isa. Idan an yaye tsohuwar, ba za a bar gida ya kwana a buɗe ba, don haka dole a gama gefe guda cikin yini ɗaya. Mutum 100 zuwa 200 ne ke taruwa tun da asuba. Wasu suna ƙasa suna miƙa dammuna hannu zuwa hannu, wasu suna jere a kan rufi suna shimfiɗawa suna dannawa, dattawa suna duba layi kada ya karkace, mata suna can suna fama da tukwane. Akwai doguwar allurar icce da ake zura wa igiya a soka ta cikin ciyawar daga waje. Wani yana ciki cikin duhu da ƙura yana kwala wa na waje kira, ya matsa dama ko ya yi ƙasa kaɗan, har tsinin ya ɓullo daidai gefen sanda, ya zagaya igiyar ya mayar. Wannan tsari shi suke kira yui. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin gayya ce, kuma shi ya riga ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya bambanta tasu shi ne tsananin lissafi. Akwai littafi da mai gida ke rubuta wanda ya zo, da aikin da ya yi, da yawan ciyawa ko igiyar da ya kawo, domin duk bashi ne da za a biya da irinsa. Tunda kuwa layi ba ya sake zagayowa kan gida sai bayan shekara talatin ko arba'in, sau da yawa wanda ya ci bashin ya riga ya rasu, ɗansa ko jikansa ne zai hau rufin maƙwabci ya biya. Irin wannan lissafi ba ya yiwuwa sai inda kowa ya tabbata zuriyar kowa tana nan daram. Ranar da gida goma suka kwashe kayansu suka koma birni, waɗanda suka rage sun yi asarar hannuwa, sun kuma yi asarar bashin da suke bi.

Haka kuwa aka yi. Bruno Taut, masanin gini Bajamushe da ya gudo daga mulkin Nazi ya zauna Jafan, ya ziyarci Shirakawa a 1935, ya ga gidan dangin Toyama da ke Miboro, ya rubuta yabon hikimar ginin. Yabon bai hana komai ba. Gishirin albarushi ya riga ya mutu tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da mai araha ya fara shigowa daga ƙasar Chile. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zaren roba ya karya kasuwar siliki. Sannan aka shiga datse kogin Sho don samar da lantarki. Madatsar Miboro da aka kammala a 1961 ta haɗiye ƙauyuka, ta tashi mutum fiye da 1,000. Hanyoyin mota da aka yi saboda aikin madatsun, su ne kuma suka kwashe matasa zuwa masana'antu. A 1924 akwai irin waɗannan gidaje wajen 300 a Shirakawa, zuwa 1961 sun koma wajen 190. Wasu gobara ta ci, wasu an rushe an yi na zamani da rufin kwano, wasu kuma an kwance su an sayar wa 'yan kasuwa sun kai birane sun mai da su gidajen cin abinci. A 1967 mutanen ƙauyen Kazura, can cikin tsauni, suka yanke shawarar tashi gaba ɗayansu. Ya kamata a lura cewa a lokacin dokar kare kayan tarihi ta Jafan, wadda aka yi a 1950 bayan gobarar da ta lalata zanen bangon haikalin Horyuji a 1949, ta shekara 17 tana aiki. Doka ce da ta san yadda ake kare haikali ɗaya ko fitaccen gida ɗaya. Ƙauyen da ke zubewa gida bayan gida ba ya cikin lissafinta.

A 1971 mutanen Ogimachi, da suka ga abin da ya sami maƙwabtansu, suka kafa ƙungiyar kare ƙauyensu, suka ɗaukar wa juna alkawari uku game da gidajen da filayen da ke kewaye da su: ba za su sayar ba, ba za su ba da haya ba, ba za su rushe ba. Sun ɗauki darasi daga garin Tsumago na lardin Nagano, wanda ya riga su shiga irin wannan gwagwarmaya. Babu kotun da za ta hukunta wanda ya saɓa, sai dai idon maƙwabta. Bayan shekara huɗu, a 1975, majalisar ƙasa ta gyara dokar 1950 ta ƙara babin kare rukunin gine-gine a matsayin unguwa guda, a 1976 kuma Ogimachi da Tsumago suka shiga sahun farko na wuraren da aka zaɓa. Jafan ba ta ma shiga yarjejeniyar UNESCO ta wuraren tarihi ba sai 1992. Jerin shekarun kaɗai ya isa ya nuna wa ya bi wani.

Mai ja da wannan magana zai ce alkawarin baka ba ya sayen ciyawa. Baibayar babban gida yau miliyoyin yen take ci, kuma kaso mafi tsoka daga aljihun hukuma yake fitowa. Ba don haka ba, da mutanen Ogimachi ma sun bi sahun na Kazura ko da sun rantse sau dubu. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina tallafin gwamnati a wannan labari bai yi adalci ba. Sai dai a duba yadda aka tsara dokar 1975 ɗin. Gwamnatin tsakiya ba ta da ikon ta nuna ƙauye da yatsa ta ce daga yau an kare shi. Ƙaramar hukuma ce ke fara shata iyaka da yin dokarta, bayan mazauna sun yarda, sannan ta nemi a zaɓe ta. Har yau a Ogimachi, wanda zai canza taga ko ya gina rumfa, ƙungiyar mazauna ce ke fara duba takardarsa kafin ta wuce ofis. Masu rubuta dokar sun gane cewa kuɗi yana iya biyan ciyawa da ladan mai baibaya, amma bai isa ya sa iyali su yi hunturu a gidan da iska ke shiga ta ko'ina ba, ga kwasar dusar ƙanƙara daga kan rufi, ga fargabar gobara. Inda aka sami masu son zama, tallafi ya yi aiki. Inda aka riga aka watse, babu wanda za a miƙa wa.

Akwai kuma masu cewa hanya mafi tabbas ita ce a kwance gidan a kai shi gidan tarihi na fili, inda ƙwararru za su kula da shi, babu yara masu wasa da ashana, babu mai gida da ke son ƙara banɗaki. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin gidan katako, saɓanin na dutse ko na ƙasa, yana kwantuwa ya sake haɗuwa, kuma manoman kwarin da kansu sukan sayi tsohon gida su ɗauke shi zuwa wani fili tun kafin a san wani abu wai shi kayan tarihi. Gidan dangin Yanohara, wanda ruwan Miboro zai haɗiye, an ɗauke shi a 1960 zuwa lambun Sankeien da ke Yokohama, yana nan har yau cikin ƙoshin lafiya. Wasu suna Nihon Minka-en na birnin Kawasaki da aka buɗe a 1967, wasu a Hida no Sato na Takayama, wasu gidajen Kazura kuma suna tsallaken kogi daga Ogimachi kanta. Ba don an kwashe su ba da babu su, kuma Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta ce gini ba ya rabuwa da mazauninsa, ita ma ta yarda a ɗauke shi idan babu wata hanyar tsirar da shi. Ba ni da ja a kan ceton gidan da ruwa zai ci. Abin lura shi ne abin da gidajen tarihin suka tarar bayan sun karɓi amanar. A Kawasaki 'yan sa-kai ne ke zuwa suna hura wuta a murhun gidajen, a Sankeien ma ana kunna murhun gidan Yanohara, duk don hayaƙi ya ci gaba da ratsa jinka. Wato hukumar da ta raba gidan da mazaunansa dole ta nemo wanda zai riƙa kwaikwayon zamansu. Ga shi kuma an bar gonakin da ke gaban gidan a baya, da magudanan ruwa, da gangaren da ake yankan ciyawa, da dajin da ke tare zaftarewar dusar ƙanƙara daga tsauni, da sauran gidajen da suka juya fuska wuri ɗaya saboda iska ɗaya. Mai ziyara zai ga yadda aka ɗaura sanda, amma dalilin da ya sa gidan ya fuskanci inda ya fuskanta ya tafi tare da kwarin.

Wani zai tambaya, idan ana sake ciyawa da igiya, ana kuma canza katakon da ya ruɓe, me ya rage na asali da ake karewa? Tambaya ce da ta fito daga ƙasashen da tarihinsu na dutse ne. Taron masana da aka yi a birnin Nara a 1994 ya amsa ta, inda aka amince cewa sahihancin gini yana iya kasancewa a fasaharsa, da amfanin da ake yi da shi, da mazauninsa, ba a tsufan kayan kaɗai ba. Shekara ɗaya bayan haka aka yi wa ƙauyukan uku rajista.

Suka mafi nauyi ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, kuma daga cikin kwarin take fitowa. Masu ita suna cewa abin da ake yabo ya riga ya zama wasan kwaikwayo. Kafin 1995 masu yawon buɗe ido da ke zuwa Shirakawa a shekara ba su kai miliyan ɗaya ba. Bayan an kammala babbar hanyar Tokai-Hokuriku a 2008 sun haura miliyan ɗaya da rabi, a ƙaramar hukumar da duka mutanenta wajen 1,500 ne. Yawancin baƙin sa'a biyu ko uku suke yi, su ɗauki hoto su koma mota. Gidaje da dama sun zama masaukin baƙi ko shagon tsaraba, an taɓa mai da wasu gonakin shinkafa wurin ajiye motoci, tsutsar siliki kuwa sai dai ta nuni. Baibaya ta gayya ta yi ƙaranci, yawancin rufin yanzu 'yan kwangila ne ke yi cikin makonni. Lokacin da aka sake jinkar gidan dangin Nagase a 2001, mutum fiye da 500 suka taru, har da 'yan sa-kai daga sassan ƙasar, gidan talabijin na NHK ya ɗauka ya nuna. Abin ya ƙayatar, amma wanda ya zo daga Osaka ya miƙa dami ba ya bin kowa bashi, ba a kuma binsa. Ciyawar ma mafi yawanta daga waje ake sayowa, musamman daga Gotemba da ke gindin dutsen Fuji, saboda gangaren da ake yanka a da sun koma daji. Duk wannan haka yake. Sai dai idan aka bi sukar zuwa ƙarshenta, ba ta rushe abin da nake faɗa ba, nuna inda haɗarin yake ta yi. Ba wanda ke tsoron a rushe gidan Wada gobe. Gwamnati ta sa shi cikin muhimman kayan tarihi na ƙasa tun 1995, iyalin kuma suna zaune a wani sashe nasa. Abin tsoron shi ne a wayi gari katako yana nan lafiya lau, amma babu wanda ya iya murɗa neso, babu mai kwana a ciki. Game da shagunan tsaraba kuwa, bai kamata a cika ɗaga hanci ba. Gidan nan tun asali wurin neman kuɗi ne, ƙasansa albarushi, samansa siliki. Iyalin da ke kwantar da baƙi a ɗakin kakansu su ciyar da su a bakin murhu sun fi kusa da tarihin gidan fiye da gidan da aka share aka kewaye da igiya.

Inda nake ganin mutanen Ogimachi za su sha wuya shi ne kan alkawarinsu na 1971. An yi shi ne don a toshe ƙofa ga ɗan kasuwar da zai kwance gida ya kai birni, ko ya saya ya sa ma'aikata ya koma Nagoya yana karɓar riba, kuma ya yi wannan aiki. Amma jama'ar kwarin tana raguwa tana tsufa kamar sauran karkarar Jafan. Idan dattijo ya rasu, 'ya'yansa suna birni ba su da niyyar dawowa, ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a rushewa, to gidan zai zauna a rufe, murhu a mace, dusar ƙanƙara tana taruwa a kansa. Alkawarin da aka yi don a ci gaba da zama sai ya koma mai hana zama. A ra'ayina ruhinsa ya fi lafazinsa: baƙon da zai tare da iyalinsa, ya sa yaransa a makarantar ƙauye, ya shiga layin kwasar dusa da na sintirin gobara, ya fi amfani ga gidan da magajin da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Wanda ya kamata a ci gaba da rufe wa ƙofa shi ne mai saye daga nesa.

Maganar gobara ta ƙara fito da wannan fili. An kafa bututan feshin ruwa 59 a Ogimachi, kowanne cikin 'yar bukka mai kama da gidajen, ana gwada su gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, hotonsu yana zagaya duniya. Amma bututu ba ya buɗe kansa. Mazauna ne aka koya wa sarrafa su, su ne kuma ke zagaya ƙauyen bi da bi, har cikin dare, suna tunatar da juna a kula da wuta. A 2020 UNESCO ta sa fasahohin gini da gyaran katako na Jafan guda 17 cikin jerin al'adun da ake gada, ciki har da baibaya da yankan ciyawar baibaya, wanda ke nuna hukumomi ma sun iso inda mutanen ƙauyen suke tun 1971. Saura a gani a ƙasa. Wani kaso na kuɗin da baƙi ke biya a wurin ajiye motoci yana shiga asusun kula da gidajen, kuma a ganina wurin da ya fi cancantar wannan kuɗi shi ne farfaɗo da gangaren ciyawa na kwarin, da koya wa matasan ƙauyen ɗauri da baibaya a kan rufin gaske, da sauƙaƙa wa iyalai zaman hunturu a cikin gidajen, ko da hakan na nufin a yarda su gyara kicin da banɗaki yadda mutumin wannan zamani zai iya zama. Fitilun da ake haska ƙauyen da su a daren sanyi don masu hoto, waɗanda cunkoso ya sa tun 2019 sai da izinin da aka nema tun da wuri ake zuwa kallo, suna iya jira.